Goro mai sankara a cikin kwalin wayoyi

Bara, ana tsakiyar zafin nan na Garuwa da ke hana kowa barci a ɗaki, wani kwali ya iso mana daga Yola da wayoyi 40 a ciki. Duka na hannu ne, irin waɗanda aka yi amfani da su a waje aka goge aka sake ɗaurewa. Na zauna a bayan kanti na yi musu gwajin da na saba. Na duba gilashi, na duba batir, na sa caji, na kira lambar ƙanena na ji ko murya na fita, na ɗauki hoto da kyamarar gaba da ta baya. Biyu kawai na ware. Sauran 38 na ce lafiyarsu ƙalau, har na fara lissafin riba a raina.

A ranar 'yata ta biyu tana gida. Tana karatun kwamfuta a Marwa, ta zo ta yi mana kwana biyu. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Ta kawo mini abincin rana, sai ta zauna tana ɗaukar wayoyin ɗaya bayan ɗaya tana latse-latse. Na zaci wasa take yi. Can na ɗago kai na ga ta kasa su gida biyu.

Ta ce, "Baba, waɗannan 17 ɗin an daina yi musu faci."

Na ce, "Facin me, Uwata? Tayar keke ce?"

Ta nuna mini wani layi can cikin saitin wayar, inda aka rubuta kwanan wata. Wata 2018, wata 2019. Ta ce wannan ita ce rana ta ƙarshe da kamfani ya aiko wa wayar gyaran tsaro, kuma ta nema ta ga babu wani da zai sake zuwa.

Na tambaye ta ko suna kira, ta ce suna kira. Na ce WhatsApp fa, ta ce yana yi. Na ce to ki mayar mini da su wuri ɗaya, kada ki ɓata mini lissafi. Ta mayar ba ta ce komai ba, amma na ga fuskarta.

Bari in faɗi ko ni wane ne, don a gane dalilin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Mahaifina ya zo Garuwa daga ƙasar Kano yana saurayi, goro yake fatauci. Ni a nan aka haife ni, a unguwar Yelwa. Na yi allo, na yi aji kaɗan na boko da Faransanci, rubutun Hausa kuwa da kaina na koya daga jaridu da littattafan da ake shigowa da su daga Najeriya. Na fara kasuwa da batir da tocila, na koma rediyo da kaset, da wayar hannu ta shigo Kamaru na bi ta. Yau sama da shekara 20 ke nan ina wannan harka ni da ƙanena, kuma da a ce ranar nan wani ya ce mini akwai abin da ban sani ba game da waya, da mun yi rigima.

Da daddare an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida, na ce ta yi mini bayani yadda zan gane, ban da Turanci. Ta ce in ɗauka waya gida ce. Su WhatsApp da Facebook baƙi ne da aka sauke a ɗakunan waje, kowa da iyakar inda zai taka. Uwar manhaja, wato Android ko iOS, ko Windows idan kwamfuta ce, ita ce mai gida, kuma tana da turaka inda makullan komai suke rataye. Masana suna kiran turakar nan kanel. Shi kuma ɗan mitsitsin ƙarfen da ke kama wifi, wanda masu gyara ke ce wa ayisi, ba ya jin yaren mai gida, dole sai da tafinta a tsakaninsu. Tafintan nan ƙaramar manhaja ce, ita ake kira direba. Na yi dariya na ce ashe har a cikin waya direbobi ba su bar mu mun huta ba.

Ta ce abin da ya sa wannan direba ya fi sauran haɗari shi ne wurin zamansa. A cikin turaka aka shimfiɗa masa tabarma, amma kunnensa yana bakin titi. Duk akwatin wifi da ke kusa, na otal ne ko na banki ko na maƙwabci, yana shelar sunansa kusan sau 10 a kowane sakan. Muddin wifin wayarka a kunne yake, wayar tana sauraron shelar nan tana karantawa, ko ba ka shiga kowanne ba, ko ba ka san lambar sirrinsa ba. Ta haka ne jerin sunaye ke fito maka idan ka buɗe. Ke nan duk wanda ya zo kusa da kai da ƙarfen da ke iya yin shela, zai iya yi wa direbanka magana ba tare da ya nemi izininka ba.

Sai ta tashi ta ɗauko mudu da ƙwaryar gero. Ta ce kowane saƙo yana zuwa da yawansa a rubuce a kansa, kamar yadda ake rubuta nauyi a jikin buhu. Direba ya riga ya tanadi wuri a ma'ajiyar waya inda zai juye saƙon, a ce mudu ɗaya. Idan wanda ya rubuta direban ya manta bai sa a gwada yawan da ya zo da girman wurin da aka tanada ba, to ko mudu biyar aka kawo, juyewa zai yi. Ta tuttula geron har ya malala a kan tabarma, mahaifiyarta ta fara faɗa.

Na ce to ai asara ce kawai, gero ya zube. Ta ce a cikin waya babu tabarmar da zai zube a kai. Abin da ke kusa da mudun wani wuri ne da ake ajiye wani abu, wani lokaci ma inda aka rubuta aikin da za a yi na gaba. Ta ce, "Baba, ka ɗauka wanda ya kawo maka kaya ya samu hanyar da ragowar kayan za su zube a kan littafin kanti, su zauna daidai su zama rubutu, a ce a ba wane makullin sito. Yaronka ya zo ya buɗe littafi ya gani. Zai bi ko ba zai bi ba?" Na ce zai bi mana, a littafin maigida ya gani. Ta ce haka waya take yi.

Akwai iri na biyu da ta faɗa mini, shi ma na gane shi nan take don ina da ɗakunan haya guda uku. Mai haya ya tashi, an ba wani ɗakin, amma ɗan aike bai sani ba, har yanzu yana kai saƙo yana karɓo umarni daga ɗakin da sunan na farko. Mai kutse aikinsa shi ne ya yi dabarar da shi zai zama sabon mai hayar. Ta ce waɗannan kurakurai biyu da 'yan'uwansu su ake kira ɓarakar ma'ajiya.

Ni mutum ne da ba na yarda da labari sai an ce mini ga inda ya faru. Ta faɗa mini, daga baya kuma na sa ta nuna mini ta fassara mini a hankali, na rubuta a littafina.

A watan Yulin 2017 wani mai bincike, Nitay Artenstein, ya nuna a wani taron masana tsaro a Amurka mai suna Black Hat cewa ya gano irin wannan ɓaraka a manhajar da ke cikin ayisin wifi na kamfanin Broadcom. Ya sa mata suna Broadpwn. Wurin da aka tanada na bayit 44 ne, bayit shi ne awonsu kamar yadda muke da mudu, amma saƙo yana iya zuwa da 255, kuma ba a dubawa. Ayisin nan yana cikin iPhone da manyan wayoyin Samsung da wasu, an ƙiyasta na'urori kusan biliyan 1. Ya kuma nuna cewa wayar da ta kamu za ta iya zama mai shela ta harbi ta kusa da ita, kamar mura. Google da Apple sun fitar da faci a wannan watan.

A watan Disambar 2020 wani ma'aikacin Google, Ian Beer, ya wallafa aikin da ya yi shi kaɗai na wata 6 a ɗakinsa lokacin kullen korona. Ya samu ɓaraka a direban da iPhone ke amfani da shi wajen tura hoto daga waya zuwa waya ta iska. Da wata 'yar kwamfuta mai araha, Raspberry Pi, da ƙarafunan wifi na kasuwa, ya kwaso hoto daga wayar da ke wani ɗaki ba tare da an taɓa ta ba. Apple ya riga ya toshe ɓarakar watanni kafin a wallafa.

A watan Oktoban 2022 aka sanar da ɓaraka 5 a sashen wifi na Linux, bayan binciken wani mai suna Sönke Huster na jami'ar Darmstadt a Jamus. Ta hanyar shelar nan da na faɗa ake tayar da su. Linux kuwa shi ne turakar da aka gina Android a kanta. A watan Yunin 2024 kuma Microsoft ya fitar da faci ga direban wifi na Windows, ya ce wanda ke kusa da kwamfuta zai iya aiko mata saƙo ta iska ya sa ta yi aikin da yake so.

Na ce mata, Uwata, waɗannan fa su ne manyan kamfanonin duniya, kuɗi gare su kamar ƙasa, me ya hana su ɗauki masu hankali? Ta ce masu hankalin ne suke rubutawa. Yawancin direbobi da wani harshen rubuta manhaja ake yin su mai suna C, wanda aka ƙirƙiro a Amurka tun farkon shekarun 1970, ko ƙanensa C++. Harshe ne mai sauri, amma ba ya duba maka ko mudu ya cika, kai za ka tuna da kanka a kowane wuri, a cikin layuka dubbai. Wa ya taɓa awo shekara da shekaru bai yi kuskure ko sau ɗaya ba? A 2019 Microsoft ya ce kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakokin da yake toshewa kowace shekara na ma'ajiya ne. Yanzu an fara komawa harsunan da ke yin dubawar da kansu, irin su Rust, wanda aka buɗe wa ƙofa a Linux a watan Disambar 2022. Google ya ce a Android irin wannan ɓaraka ta sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa kashi 24 a 2024. Wannan labari ne mai daɗi ga wanda zai sayi sabuwar waya. Wayoyina 17 ba su cikin waɗanda abin ya shafa.

Duk da haka ban sallama ba. Na ce mata wa zai ɗauko wannan ilimi duka ya zo Garuwa don ya shiga wayar mai sayar da gyaɗa? Ta ce ina da gaskiya ta wani ɓangare, kuma ni ma ina so mai karatu ya riƙe wannan don kada in tsorata kowa a banza. Irin wannan kutse yana son ƙwarewa sosai, kuma dole mai yin sa ya zo kusa da kai, inda wifi ke kaiwa. Satar da muke gani kullum a kasuwa da baki ake yin ta. A kira ka a ce daga ofishin kamfanin waya ne, ko a ce an turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar, ko a ce ka faɗi lambar da ta shigo maka yanzu. Wanda ya kiyaye wannan ya kiyaye mafi yawan asara.

Amma ta ƙara da abu guda da ya hana ni barci. Ta ce ranar da kamfani ya fitar da faci, ranar ce duniya ta san inda tsagar take, domin masu kutse suna kwatanta tsohuwar manhaja da sabuwa su ga abin da aka canja. Wanda ya karɓi faci ya tsira. Wanda wayarsa ba ta karɓa kuwa, kamar an yi shela ne a gari cewa katangar gidan wane ta tsage ta yamma, aka kuma ce magini ba zai zo ba har abada. Abin da ya ci wa gwani wata 6, bayan shekaru yana iya zama a rubuce, ƙaramin ɓarawo ya ɗauka ya gwada. Hausawa dai sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina kwance na tuna watan Janairun 2022, lokacin da aka yi gasar cin kofin Afirka kuma Najeriya ta buga wasanninta a nan filin Roumdé Adjia. Ranar da suka ci Masar 1 da nema ina ciki, ni da baƙina daga Yola da Mubi. Dubban mutane kafaɗa da kafaɗa, kowa da waya a sama yana ɗaukar hoto. Ban ce an yi wa kowa komai a ranar ba. Na dai gane cewa "sai an zo kusa da kai" ba wata kariya ba ce ga ɗan kasuwa, domin mu rayuwarmu duka a cikin cinkoso take: babbar kasuwa, tashar mota, kasuwar Pitowa ranar Lahadi, jirgin ƙasan Ngaundere zuwa Yawunde da ake kwana a ciki da mutanen da ba ka sani ba.

Sannan na tuna me ke cikin waya yanzu. Da, kuɗina suna cikin lalita a ƙugu, littafin bashi yana cikin akwati. Yau Orange Money da MoMo suna cikin waya, sunayen masu bashi suna ciki, cinikin da na yi da mutumin Kano da murya yana ciki, hoton takardar fili, hotunan matata da 'ya'yana mata a cikin gida ba mayafi. Na ɗauko tawa wayar na bi hanyar da ta nuna mini. Tawa ma 2019 aka rubuta.

Washegari na faɗa wa ƙanena cewa 17 ɗin nan ba za mu sayar da su a kan kuɗin sauran ba, kuma duk wanda zai saya sai mun gaya masa. Ya kalle ni kamar na zautu.

Ya ce, "Yaya, mu muka ƙera su? Duk layin nan wa ke faɗin wannan magana? Mutum ya zo da jaka 25 a hannu, ka ce masa wayar tana da ramin da ba a gani, ai gaba zai yi ya saya wurin maƙwabci, irinta sak, ba a gaya masa komai ba. Kai ka yi asara, shi bai tsira ba."

Ba zan ɓoye ba, maganarsa tana da nauyi. Ya kuma ƙara da wadda ta fi. Ya ce Samsung da Google sun yi alkawarin faci na shekara 7 ga manyan wayoyinsu na yanzu, to nawa ne kuɗinsu? Mai turin baro da mai sayar da kifin Lagdo za su iya? Talaka dole tsohuwar waya zai riƙe, mu kuma mu ne muke sa ta isa hannunsa. Ya ce, "In ka hana shi wannan, me ka ba shi?"

Na ce ban ce a hana kowa ba. Na tambaye shi ko ya tuna yadda Baba yake sayar da goro. Ya yi shiru don ya san inda na nufa. Goro mai sankara daga waje fes yake, ja ko fari, sai an fasa a ga tsutsa ta ci cikinsa. Idan Baba ya buɗe huhu ya ga alama, sai ya fasa ɗaya a gaban mai saye ya ce ga abin da ke ciki, ga kuma kuɗinsa. Ba ya zubarwa, ba ya kuma haɗa shi da mai kyau. Akwai masu saye a hakan, don su ma sun san abin da za su yi da shi. Malamanmu tun muna yara suke faɗa mana cewa ɓoye aibin kaya haramun ne. Jiya da safe ban san wayoyin nan suna da aibi ba, don haka babu laifi a kaina. Yau na sani, kuma ba ni da hanyar da zan koma ban sani ba.

Ya ce, "To ai Uwarka ce ta jawo mana." Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A ƙarshe ga abin da muka tsayar. Kowace waya a kantinmu muna manna mata 'yar takarda a baya da kwanan watan facinta na ƙarshe. Waɗanda aka daina yi wa faci muna rage musu kuɗi, muna kuma faɗi da baki. Ribar da na lissafa a kwalin nan kusan duk ta tafi a ragin. Wasu sun saurare ni suka ce Alhaji ya fara wa'azi, suka wuce gaba kamar yadda ƙanena ya faɗa. Wani matashi ya saya da murna, ya ce shi kallon ƙwallo da waƙa kawai zai yi da ita, ba ya ajiye ko dala a ciki.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda ta daɗe tana sayen waya a wurina, ita ce ta fi ba ni aiki. Ta ce, "Alhaji, kar ka cika ni da zance, in saya ko kar in saya?" Na tambaye ta ko a nan za ta riƙa karɓar kuɗin kaya. Ta ce duk cinikinta a waya yake, har adashin mata 12 da take riƙewa. Na ce to Hajiya kar ki sayi wannan. Kuɗinta bai kai na sabuwa ba. Muka yi shawara ta ɗauki tsohuwar a kan ragi don hotunan atamfa da hira, ta ƙara da ƙaramar waya mai maɓalli, wadda ba ta da wifi sam, ta sa layin kuɗinta a ciki. Ta tafi tana mita cewa na sa ta ɗaukar waya biyu kamar 'yar siyasa.

Ga 'yan'uwa fatake da iyalansu, ga abin da na koya, a taƙaice. Ka shiga saitin wayarka, wajen bayanin waya, ka nemi kwanan watan facin tsaro. Tun 2015 Android yake nuna shi. Idan ya wuce shekara ɗaya kuma ka nemi sabuntawa ba ka samu ba, ka san matsayin wayarka. Ko sabuwa ce dal a kwali ka duba kafin ka biya, don akwai masu fitowa daga kanti da tsohon kwanan wata. Idan saƙon sabuntawa ya zo, wanda mu nan muke ce wa mizajur, 'yan Najeriya su ce afdet, kada ka ce sai gobe don tsoron cin data. Ka sa caji ka bari ya gama.

Idan za ka shiga kasuwa ko tasha ko doguwar tafiya, ka kashe wifi da Bluetooth in ba ka amfani da su, don shi ma Bluetooth an sha samun irin wannan ɓaraka a cikinsa. Daga cikin saiti za ka kashe. A iPhone, maɓallin nan da ake jawowa daga gefen allo yana cire ka ne daga wifin da kake kai, bai kashe ƙarfen ba. A Android kuma akwai wani wuri a sashen nuna inda kake, da ke barin waya ta ci gaba da laluben wifi ko ka kashe shi, shi ma ka rufe. Kuɗi ka ajiye su a wayar da ta fi sabon faci a gidan, ko a ƙaramar mai maɓalli. Kwamfutar kanti da ta yara 'yan makaranta su ma suna son sabuntawa. Lambar sirri kuwa, ko wa ya kira, ko da wane suna, kada ka faɗa.

Ni dai na canja tawa wayar, tsohuwar na bar ta a gida ana sauraron karatu da ita, ba layi a ciki. Da za a aiko mana kwali na gaba, na ce wa mutumina na Yola ya ɗauko mini hoton shafin kwanan watan kowace waya tukuna. Ya yi dariya ya ce tun da yake ba a taɓa tambayarsa haka ba, amma ya turo. Cikin 30 na zaɓi 19.

Ƙanena har yau yana cewa na sa mu cikin wahalar da ba wanda ya aike mu, kuma in an yi lissafin ƙarshen wata yakan nuna mini bambancin da yatsa. Amma makon jiya na dawo daga sallar la'asar na tarar da shi da wani makiyayi da ya sayar da sa ya zo sayen waya. Ya juya wayar yana nuna masa takardar baya, yana yi masa bayani da Fulatanci, har da kwatancen mudu. Na wuce ciki na zauna na buɗe littafin bashi. Makiyayin ya ɗauki mai tsadar, ya nemi ragin jaka 2, ƙanena ya waiwayo ya ce, "Yaya, a bar masa?" Na ce a bar masa.